Ƙarar Inji Ranar Juma'a

Ranar Asabar da hantsi ruwa ya janye, ya bar mana Pak Endut mai kamun ƙaguwa a kan yashin bakin kogi. Matan da suka je tonon ƙumba ne suka gan shi kwance rub da ciki, hannu ɗaya a miƙe. Can gefe ga rabin kwalekwalensa. Ɗaya rabin har yau teku ba ta dawo da shi ba.

Tun ran Juma'a da safe ya fita ɗaga tarkunan ƙaguwarsa, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. A Kuala Senangin ba a fita teku ran Juma'a sai an sauko daga masallaci. Endut ya saci jiki ne kawai, don ƙaguwa in ta daɗe a tarko cinye 'yar'uwarta take yi. Mutum ɗaya ne kowa ya san yana fita a fili, ɗana Rosdi, wanda ke kai baƙi 'yan yawon buɗe ido tsibiri da jirginsa mai gudu. Su baƙi ina ruwansu da Juma'a.

Kafin a yi wa gawar wanka garin ya gama yanke hukunci. 'Yan sanda suka zo suka tarar bakin farfelar Rosdi ya ɓare. Ya ce musu gungume ya buga. Da suka tambaye shi ko ya ga wani jirgi a teku ranar, sai ya sunkuyar da kai ya yi gum. Suka tafi da shi gari. Daga ranar rumfar shayina da ke bakin matsayar jirage ta zama kufai, mutanen da suka tsufa suna shan shayina suka koma zagayawa ta bayan masallaci don kada mu haɗa ido. Na ji tsoro, kuma na ji haushi, haushin ma ya fi yawa.

Mijina Jusoh kuwa ya zauna a ɗaki ya ƙi fita. Na ce masa, "Abang, maigidana, ɗanka yana hannu, kai kana nan kana gadin bango?" Na ɗauka baƙin ciki ne ya daskarar da shi, sai na yafa gyalena na hau mota zuwa saman kogi, wurin Pak Sulong.

Pak Sulong ya ƙare ƙuruciyarsa yana bin sawun giwaye da mutanen da suka ɓata a daji. Ɗan siriri ne, ba ya sa takalmi, kuma in kana masa magana ƙafafunka yake kallo. Na zayyana masa komai.

"Mak Limah," ya ce, "ni mutumin tudu ne. Ruwa ba ya ajiye mini sawu."

"To jirgin da ya yi ɓarnar a sama ya kwana? Ai tudu ya dawo."

Ya dubi ƙafafuna. "In na fara bi, ba na tsayawa inda kike so. Inda ya ƙare nake tsayawa."

Na ce masa abin da na zo nema ke nan.

* * *

Wurin rabin kwalekwalen ya fara zuwa. Ya tsuguna yana shafa karayar katakon da yatsa, ya daɗe har ƙafata ta yi tsami.

"Jirgin ɗanki kansa a sama yake gudu, ko ba haka ba?"

"Kamar wanda aka biyo."

"Da shi ne, da ya haye ta sama, farfela ta bar yanka a jere. Nan ba yanka. Wani abu mai nauyi ne ya zo a hankali ya danne shi har ya karye." Ya miƙe ya dubi kogi. "Su wa ke da jirgi mai nauyi?"

Jiragen masunta duk ran Juma'a jere ake ɗaure su, wannan a jikin wancan, ɗaya ba ya fita sai an kwance sauran. Jirgi ɗaya ne ke da matsayarsa shi kaɗai, can bayan kurmin kaba inda ido ba ya kaiwa. Sunansa Bongsu.

Bongsu tsohon jirgin katako ne mai inji, ya girme ni. Mijina da abokansa biyu suka haɗu suka saye shi da suka ajiye aiki: Cikgu Harun, tsohon malamin makaranta, da Ah Keong, wanda ya yi rayuwarsa a gyaran injin. Ba kamun kifi suke da shi ba. Ran Asabar su ɗauki shayi da ƙunshin shinkafa su zaga tsibirai, su yi gardama, su dawo ko kan kifi babu. Sauran kwanakin kuma suna ƙarƙashinsa ko cikin cikinsa, kankare ƙumba, cusa ɓawon itacen gelam a tsakanin katakai, giris, fenti, sake fenti. Na sha gaya musu da rabin kulawar nan suka ba haƙoransu da yanzu suna tauna rake.

"Mukulli nawa ne?" in ji Pak Sulong.

"Kowannensu da nasa," na ce. Ban so yadda muryata ta fito ba.

* * *

Gidan Mek Yah, matar marigayin, shi ne na ƙarshe a kan tsinin bakin kogi. Ta karɓi gaisuwar Pak Sulong, tawa kuwa ta bar mini abata.

"Kak Yah, me kika ji ran Juma'a?" ya tambaye ta, yana kiranta Kak, wato yaya.

"Na faɗa, an ce baƙin ciki ne ya taɓa mini kai."

"Ni ban ji ba. Faɗa mini."

Ta dubi teku ta taga. "Ruwa ya rufe komai, ko itacen ƙofar gida ba na gani. Sai na ji inji. Ba mai kuka irin na ɗan wannan ba. Mai bugawa a hankali, tuk, tuk, tuk, kamar ana daka a gidan maƙwabta. Ya tafi, ya dawo, ya tafi, ya dawo. Zagaye yake yi a wuri ɗaya."

"Ya daɗe?"

"Har tukunyata ta ƙone ina saurare. Daga nan ya yi shiru." Ta juyo ta kalle ni karo na farko. "Limaminmu ya ce in yi ta addu'a, wai teku tana da muryoyinta ran Juma'a. To ni har yanzu ina jin sa, Limah. Da rana tsaka, ba iska ba komai, sai in ji yana zagaye."

Ni ma na san wannan bugun, kowace Asabar da shi nake sanin lokacin ɗora ruwan zafi.

* * *

Mun sami Ah Keong a cikin Bongsu, rabinsa a ramin inji. A gefen sitiyari ga tokar turaren tsinke a cikin gwangwani. Pak Sulong ya nuna ta da haɓa.

"Ni na ƙona," in ji Ah Keong, yana goge hannu da tsumma. "Kada ka kalle ni haka, Pak. Ran Juma'a da yamma na zo kwashe ruwan sama, na tarar an riga an kwashe. An goge inji, an naɗe igiya. Na ce Cikgu ne ya yi abin kirki sau ɗaya a rayuwarsa."

"To turaren fa?"

Ya rage murya. "Na zauna nan ina duba mai, sai na ji kamar akwai mutum a goshin jirgi yana kallon ƙeyata. Na waiga ba kowa. Na san jirgin nan fiye da ɗakin kwanana, bai taɓa yi mini haka ba. Na kunna turare na tafi gida, ban ko rufe akwatin sifana ba."

"Da safe kana ina?"

"Asibiti, ana duba mini sukari. Je ka tambaya, sai da suka yi mini faɗa kamar ɗan yaye."

Pak Sulong ya zaga gaba ya taɓa goshin jirgin. Fentin wurin sabo ne, har ya ɗan kama yatsa.

"Aikin Cikgu ne," in ji Ah Keong. "Dubi yadda ya zuba, kamar da tsintsiya ya shafa."

Cikgu Harun bai musa ba. Mun same shi yana share farfajiyar masallaci. Ya ce ya ga fentin ya goge ne ya shafa, kuma wannan ba labari ba ne, a shekara sau nawa suke shafawa.

"An ce kun yi cacar baki da marigayi," in ji Pak Sulong.

"Mun yi. Igiyar tarkonsa ta naɗe mana farfela, muka wuni a teku muna shawagi. Na ce masa in ya sake zuba tarkuna a hanyarmu ta kansu zan bi." Ya jingina tsintsiyar. "Na faɗa, kuma a gaban mutane. Allah ya gafarta mini bakina. Amma ran Juma'a da safe ina gida."

"Wa ya gan ka?"

"Kyanwata. Ka kira ta shaida."

Da muka fito na ce wa Pak Sulong, "Ai magana ta ƙare. Cikgu ya yi barazana, ya shafe sheda da fenti, ba shi da mai tsaya masa. Mu tafi wurin 'yan sanda."

"Saura mukulli ɗaya," ya ce.

"Mijina ba shi da lafiya."

"Gaishe shi zan yi."

Jusoh ya tarbe shi a zaune. Ya jawo butar shayi ya zuba wa baƙo, yatsansa ɗaya a bakin kofi har ruwan zafin ya taɓa shi, sannan ya tsaya. Sabuwar ɗabi'a ce da ya ɗauko, na sha yi masa tsiya a kanta.

"Pak Jusoh, ran Juma'a da safe fa?"

"Yana gida," na riga shi. Ni kuwa ranar ina gidan biki tun asuba muna girki.

"Ina gida," in ji Jusoh.

"Tun ranar ka leƙa jirgin?"

"Ban je ba."

Pak Sulong ya shanye shayinsa ya yi godiya. A ƙofa ya tsaya ya daɗe yana kallon takalman da ke kan matakala.

* * *

Washegari da rana ta ɗaga na tarar da shi tsugune a kan gadar katakon da ke kaiwa wurin Bongsu, hancinsa ya kusa taɓa ƙasa. Ya yafito ni da hannu.

Da farko ban ga komai ba. Sai na ga wani ɗan abu rawaya yana tafiya shi kaɗai a kan katako. Na ƙura ido, ashe ɓarin ƙwayar shinkafa ce, tururuwa ke ɗauke da ita. A bayanta ga wata, ga wata.

"Tururuwa ba ta zama a kan ruwa," in ji shi. "In kin gan ta ta hau igiya, an ajiye mata abu ne."

Muka bi su da baya. Daga katako suka hau turke, daga turke suka bi igiyar ɗauri a jere, ruwa yana motsi a ƙarƙashinsu, har goshin jirgi. Can saman goshin akwai wani ɗan murfin katako da ba mai taɓawa. Pak Sulong ya sa wuƙa ya ɗaga shi. A ciki ga shinkafa danƙi guda da aka rina da kurkum, ga ɓawon lemun tsami da aka matse, ya fara bushewa.

Ba wanda ya tashi a gaɓar nan da zai tambayi ma'anar wannan. Jirgin da ya taɓa rai, a wanke masa goshi da lemun tsami a ba shi shinkafa rawaya, don kada mamacin ya biyo shi gida. Mutanen da ne ke yi, yanzu an bari. Na zauna a kan murfin inji.

"Ki kira su duka ukun," ya ce. "Da Kak Yah."

* * *

Bayan la'asar suka hallara a cikin Bongsu. Hadari ya haɗo ta gabas, kogin ya yi lum, ko tsuntsu ba ka ji. Mek Yah ta ƙi shiga, ta tsaya a kan gada. Jusoh ne ya zo ƙarshe, yana dafa igiya.

Pak Sulong ya ce, "Jirgin nan ne ya danne Pak Endut. Wanda ya tuƙa shi ya dawo ya kwashe ruwa, ya goge inji, duk wannan kowannenku zai yi, hannunku ya saba. Amma ya ƙara abu ɗaya." Ya ɗaga murfin ya nuna musu. "Keong, in jirgi ya taɓa rai, me kake yi?"

"Turare da jan ƙyalle. Shinkafa a wurinmu ta ci ce."

"Cikgu?"

Fuskar Cikgu ta canza. "Ni da nake wa'azi a kan wannan tun ina da baƙin gashi? Karatu zan yi. Da na san da abin nan a jirgin da nake sallah a ciki, da tuni na watsar." Sai ya juya a hankali ya dubi mijina. Duk garin an san mahaifin Jusoh ne ke yi wa jirage wannan wanka a zamaninsa.

Pak Sulong ya ɗebo shinkafar a tafin hannu ya miƙa gaban Jusoh. "Pak, mece ce wannan a hannuna?"

Jusoh ya dubi wajen muryar, ba wajen hannun ba. Ya miƙo yatsu yana lalube a iska har ya taɓa. Nan na gane. Muna kwana ɗaki ɗaya da mutumin nan, yanar ido ta rufe masa gani ban sani ba.

"Tun bara abin ya fara," ya ce. "Da na faɗa, da kun karɓe sitiyari. Da kun zaunar da ni a baya da butar shayi."

"Da mun kai ka an kankare maka, wawan tsoho," in ji Ah Keong, yana kuka.

"Na ce bari in gwada ni kaɗai, in ga ko hannuna zai iya hanyar ba ido. Na zaɓi Juma'a don teku ba kowa. Ruwa ya kama ni a bakin kogi. Na ji mun hau wani abu, na ɗauka gungume ne." Ya juya fuska wajen bakin kogi. "Sai na ji an kira ni. Ya gane injin. Yana cewa, Jusoh, ga ni nan, Jusoh. Na juya wajen muryar, sai in ji ta koma bayana. Na sake juyawa. Na jefa igiya, na jefa taya, ban san inda suke faɗawa ba. Ina ta zagaye yana ta kira. In na kashe inji ruwa ya janye ni, in na bar shi ina tsoron farfela. Har ya daina."

Mek Yah ta durƙushe a kan gada, ba ta yi kuka ba. "Na ce musu na ji," kawai take maimaitawa.

Ni ban san lokacin da na miƙe ba. "Abang, ka wanke jirgi. Ka ba katako shinkafa. Ɗanka fa? Da suka sa shi a mota kana tsaye a ƙofa."

"Na ce ba su da sheda, za su sake shi."

"Da ba su sake shi ba fa?"

Na jira, wallahi na jira, ko ƙarya ce ya yi mini. Ruwa ya fara sauka a kan rumfar jirgin, Cikgu ya kama hannunsa ya haurar da shi gada.

* * *

Da safe muka tafi gari, ni da shi da Cikgu. Pak Sulong ya raka mu tasha ya hau motar saman kogi, ko shayi bai tsaya sha ba. Jusoh ya faɗa wa 'yan sanda komai da bakinsa, bai rage ba. Aka zaunar da shi a benci a cikin baranda, aka shiga fito da Rosdi.

Ya fito ya rame, gemu ya tsiro masa. Na taso da murna zan rungume shi, sai ya hango ubansa a kan benci. Ya tsaya cak.

"Mak, me kika yi?"

"Na fitar da kai. Ubanka ne ya..."

"Na sani," ya ce a hankali. "Ina dawowa daga tsibiri na wuce Bongsu yana shiga kogi. Na ɗaga masa hannu, muna kusa kamar ni da ke, bai gan ni ba. Da aka tsinci Pak Endut na gane sauran." Ya share fuska da gefen riga. "Ni yaro ne, Mak, zan iya zaman. Shi in ya shiga can ba ya gani, wa zai nuna masa ko ƙofar bayi? Wa ya ce ki ɗauko mai bin sawu?"

Jusoh ya ji duka, don kunnensa lafiya lau yake. Ya sa fuska a cikin tafin hannu.

Na dube su su biyun. Ɗaya ya yi shiru don ubansa, ɗaya ya yi shiru don kansa, ni kuma duk nawa ne. Zuciyata ta yi nauyin da ban taɓa ji ba, amma ban yi nadama ba.

"Ba wanda ya ce," na gaya masa. "Ni na ɗauko shi. Da yau za a sake, shi zan sake ɗaukowa."

Ɗan sanda ya leƙo ya kira sunan Jusoh. Mijina ya miƙe ya nufi bango. Rosdi ya wuce ni, ya kama gwiwar hannunsa ya juya shi.

"Nan ne, Ayah," ya ce. "Akwai matakala, ɗaga ƙafa."